Sassabe a Hawa na Tara

Ƙarfe biyun dare a Jidda.
Teku na can bayan gilashi, baƙi wuluk,
na'urar sanyi na huci kamar saniya mai tuƙa,
ni kuwa an damƙa mini lauje.

"Lauje fa," in ji Juwairiyya, "ba gatari ba."
Ta ajiye mini gahawa da takarda, ta tafi gida.
A takardar sunaye goma sha bakwai:
abubuwan da manhajarmu ta iya
amma ba mai tambayarta.

Sana'armu kiwon inuwa ce.
Kwamfuta ɗaya ta ƙarfe, a cikinta ɗari marasa jiki,
kowacce na zaton ita kaɗai ce a ɗakin.
Manhajar ita ce sandar kiwo,
sandar kuwa ta yi ta tsirar da rassa
har ta fi ƙarfin hannu.

Na fara da masu sauƙi.
Tsohuwar ƙofar firinta mai haƙora ashirin da biyar, na goge.
Ƙararrawar da wani ya liƙa don nishaɗinsa, na goge.
Layi dubu huɗu suka zube ja a allo,
ban ji ko ɗar ba.
Ai ƙofar da mai gida ya manta
ita ɓarawo ke tunawa.

Sai ta goma sha ɗaya:
faifan filofi.
Na yi dariya, na ɗaga yatsa.
Rajista ta ce, dakata.
Sau ɗaya a shekara, cikin Zulƙida, bayan la'asar,
wani yana zura faifan da babu
a bakin na'urar da babu.

Na buɗe cikinta.
A sama, inda muke bar wa juna saƙo,
ba Larabci, ba Turanci:
"Kar a cire. Na Baba Tankari ne. Ishaƙu."

Ishaƙu ɗan Mai Wurno,
wanda ya koya mini zaman kujerar nan,
shekara shida ke nan ƙasa ta rufe idonsa.
Gahawa ta huce a hannuna.

Da safe na bi lambar waya har Hindawiyya.
Ɗan shago ne tsakanin tela da mai sayar da ful.
Baba Tankari, yana ta rufe masa ido ɗaya,
ya ce littafin mahaifinsa ne,
Ishaƙu ya buga masa shi kafin gara ta ƙarasa:
waɗanda suka taso da ƙafa
daga Gwadabawa, daga Damagaram,
suka biyo ta Sawakin,
suka bar ajiya a gidansu, ba su dawo karɓa ba.
Kowace shekara, kafin alhazai su cika gari,
jikansa ya buɗe, ya kira suna,
shi kuma ya bi da Fatiha.
Ɗari uku da sittin da biyu.

Ban ce masa ƙofarsa haɗari ce ba.
Ban ce masa shi kaɗai ya rage ba.
Na zauna a kan buhun shinkafa,
na kwashe sunayen kamar mai kwashe ƙwai,
na zuba a wayar yaron,
na kuma buga su a takarda, manyan baƙaƙe.

Ya karɓa, ya jinjina a tafinsa.
"Ashe suna da nauyi."
Ya tambayi ko na san Ishaƙu.
Na ce na sani.
Ya ce, "To, yaro, ƙara shi a ƙasa."
Na ƙara da biro.

Daren nan na danna.
Layi ɗari tara da goma sha biyu, ja,
har da nasa guda ɗaya.
Inda aka ce a rubuta dalili na rubuta:
"An cire. Baba Tankari ya yafe."

Gobe Juwairiyya za ta tambayi ko wane yare ne wannan.
Saura shida a takarda.
Na wasa lauje,
amma yanzu sai na duƙa na leƙa gindin ciyawa
kafin in sara.